Tambayar da ɗiyata ta yi mini game da jinin haila



Ɗiyata da ke karatun aikin jinya ta turo mini tambaya a rubuce, don kunya ta hana ta faɗa da baki: "Baba, ya halatta mace ta ba da jinin hailarta don a yi magani?" Kwana biyu ban amsa ba. Na shekara talatin ina karantar da babin haila, ban taɓa kallon jinin nan ba sai a matsayin abin da ake wankewa.

Ga yadda lamarin yake. A shekarar 2004 wata masaniya a Ostareliya, Caroline Gargett, ta nuna cewa bangon mahaifa yana ɗauke da ƙwayoyin halitta na tushe, masu sabunta nama. A 2007 wasu masu bincike suka samo irinsu cikin jinin haila. Ƙunzugu da auduga suna shanye jinin, shi ya sa ake karɓarsa da ɗan kofin roba mai laushi da mace ke sawa a jikinta, a juye cikin kwalba mai tsabta, a ajiye a sanyi.

Jinin haila najasa ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya tsarki sharaɗi ne ga abin sayarwa, saboda haka ban yarda da cinikinsa ba. Kyauta dabam take. Jinin jijiya ma najasa ne in ya kwarara, amma wa ya hana a ƙara wa mai naƙuda jini? Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe a 2003 in tushensu halal ne, kamar baligi da ya yarda ba tare da cutuwa ba. A kan haka na yi ƙiyasi, Allah ne mafi sani.

Abin da ya fi damuna shi ne kofin. Yana tare jini a ciki, mace ta ga tufarta fes, ta zaci ta yi tsarki. Ba ta yi ba. Sai ta cire, ta ga bushewa ko farin ruwan nan, sannan ta yi wanka. Masu ƙera shi su rubuta wannan a jikin kwali, da Hausa.

Ku iyayen masu sikila, kada wani ya karɓi kuɗinku da wannan labari. Har yanzu gwaji ake yi, kuma ba irin ƙwayoyin da ake dasawa don sikila ba ne.

Na rubuta mata cewa ya halatta da waɗannan sharuɗɗa. Ta sake tambaya ko budurwa za ta iya sa kofin. Wannan na ce ta fara zama da mahaifiyarta da ungozoma tukuna.