Koren Kan Jirgi

Mahaifina ɗan kasuwar goro ne. Shekara da shekaru yana sayo huhu a Agege da Ifo, ya ɗora a jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan mota ta kawo mana Maraɗi, inda muke zaune har yau. Yanzu tsufa ya zo, har sunayen jikokinsa suna ɓace masa. Amma ka ce masa "koren kai", sai ka ga ya gyara zama.

A zamaninsa, in ji shi, kan jirgi iri biyu ne. Akwai baƙi mai cin kwal, wanda dole ya riƙa tsayawa shan ruwa a hanya. Sai kuma mai dizal, wanda Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta fara kawowa a 1955. Shi injinsa janareta yake juyawa, wutar kuma ta juya ƙafafu, saboda haka ba ruwansa da tsayawa shan ruwa. Tafiyar ta fi kilomita 1,100, goro kuwa ba ya son zafi da jinkiri. Shi ya sa Baba kan leƙa kan jirgi kafin ya biya kuɗin tarago. In ya hango kore da ratsin rawaya, hankalinsa ya kwanta.

Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ina yaro, a tashar Kano. Rana da ƙurar hunturu sun cinye fentin, hayaƙi ya baƙanta rufin, lambar gefe ma da ƙyar ake karanta ta. Na ce, "Baba, wannan tsohon abin ne kake yabo?" Ya dafa ƙarfen ya ce, "Kai, yi masa ladabi. Shi ya biya sadakin uwarka."

Kwanan baya ɗana ya nuna masa hoton irin wannan kan a waya. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga jero tashoshi: Ibadan, Ilori, Jebba, Minna, Kaduna, Zariya. Bai tsallake ko ɗaya ba, alhali da safen nan bai gane ni ba.

Na faɗa masa ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021. Ya ce, "Wane fenti za su shafa masa?" Na ce ban sani ba, Baba. Allah dai ya sa mu je tasha tare mu gani.