Ƙwaron da Yake Ci-rani a Duwatsun Roki

A filayen noma na tsakiyar Amurka, musamman jihohin Kansas da Nebraska da gabashin Kolorado, akwai wani ƙwaro na dare, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, wanda masana suke kira Euxoa auxiliaris. Masanin ƙwari Augustus Grote ne ya fara bayaninsa a shekarar 1873. Launinsa toka-toka ne, faɗin fikafikansa kuwa bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Duk da ƙanƙantarsa, yadda ake kallonsa ya sha bamban daga wuri zuwa wuri.

Manomi dai da tsutsarsa ya san shi. Macen takan zuba ƙwai a ƙasa da kaka, tsutsotsin su ƙyanƙyashe, su yi hunturu a ɓoye. Da zarar sanyi ya sassauta, sai su riƙa fitowa da dare suna cin ɗanyen ganyen alkama da na ciyawar alfalfa. Idan abinci ya ƙare a gona, sukan yi gayya su nufi ta gaba, shi ya sa ake kamanta su da rundunar mayaƙa.

Mazauna birane irin su Denba kuwa, sai ya yi fikafikai suke haɗuwa da shi. A watannin Mayu da Yuni yakan tashi ya nufi yamma, ya cika gidaje yana kewaya fitilu. Saboda ƙurar da ke kakkaɓowa daga fikafikansa, mai kama da garin da ke manne wa tufafin mai injin niƙa, suna kiransa da sunan mai niƙa. A wurinsu baƙo ne mai gundura, ba su san ma kan hanya yake ba.

Inda ya dosa shi ne ƙololuwar duwatsun Roki. A can yakan sha ruwan furanni da dare, ya laɓe a ƙarƙashin tarin duwatsu da rana, har kitse ya zama fiye da rabin jikinsa. A tsaunukan Absaroka, daura da gandun Yellowstone, manyan beyar sukan hau su yi ta birkice duwatsu suna lashe shi. An ƙiyasta cewa beyar guda takan ci har 40,000 a yini, ta tara kitsen da za ta yi dogon barcin hunturu da shi. Waɗanda suka tsira sukan koma filayen da suka baro a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, su zuba ƙwai, su mutu.

Hausawa na cewa abincin wani gubar wani. Manomin da ke feshi don ya tsirar da alkamarsa yana da hujja, amma kowace tsutsa da ta mutu a gonarsa ba za ta kai ga tsauni ba. Shi da beyar ba su taɓa ganin juna ba, alhali ƙwaro ɗaya ne ya ratsa tsakanin rumbun wannan da kitsen waccan.