Senoia, Garin Da Masu Fim Suka Raya

Wanda ya bar birnin Atlanta ya nufi kudu a mota, cikin kamar awa guda zai isa Senoia, wani ɗan gari a jihar Jojiya ta Amurka mai mutane wajen 5,000. Babban titinsa guda ne, kantunan jan bulo dama da hagu. A nan aka yi shekaru ana ɗaukar wasan talabijin ɗin nan The Walking Dead, na matattu masu tashi suna yawo, har ya ƙare a 2022. Wata unguwa ma sai da aka zagaye ta da katangar ƙarfe saboda wasan, alhali masu gidajen suna zaune a ciki!

To, jama'a, me ya ɗauko mutanen Holiwud ya kawo su ƙauye? Haraji ne. A 2008, zamanin Gwamna Sonny Perdue, jihar ta ce duk kamfanin da ya kashe aƙalla dala 500,000 wajen shirya fim a cikinta zai sami rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na abin da ya kashe. In ya manna tambarin jihar a fim ɗin, a ƙara masa kashi 10. Ga inda dabarar take: yawancin kamfanonin baƙi ne, harajin da jihar ke bin su kaɗan ne, don haka suke sayar da takardar rangwamen ga attajirai da kamfanonin Jojiya, su kuma su rage nasu harajin da ita.

Ba mu musun amfanin. Kantunan da suka mutu a Senoia sun farfaɗo, kafintoci da direbobi da masu abinci sun ci arziki. A shekarar kuɗi ta 2022 masu fim sun kashe dala biliyan 4.4 a jihar. Amma rangwamen ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, kuma mu masu riƙe da alli mun san daga wannan baitulmali ake biyan malamai da gina ajujuwa. Masu binciken kuɗin jihar kansu sun ce a 2020 an zuzuta ribar.

Baƙo kuwa raɓa ne. Zuwa 2024 kuɗin ya sauko dala biliyan 2.6, kamfanin Marvel da ya ɗauki Black Panther a Atlanta ya kwashi manyan finafinansa zuwa Ingila, katangar Senoia ma tuni aka cire ta.