Sandar Biyar da Taɓaryar Inna

Ranar da ɗan ƙanwata ya ce mini zai kafa teburin biyar, na ɗauka tebura biyar yake nufi, har na tambaye shi ina ya samo jari. Ashe wasan nan ne na tura ƙwallaye cikin rami da sanda, wanda sunansa na Faransanci ya yi kama da biyar ɗinmu ta ƙirga, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna ce mishi sinuka. Raina bai so ba. Shekara ashirin ina riƙe da aji, na san abin da irin wannan tebur yake yi ma yaran da ya kamata a ce suna gaban allo. To amma yaron ya faɗi BEPC sau biyu, abokansa uku sun riga sun tafi Jado haƙar zinariya, uwarsa kuma ta daina barci. Tsakanin rumfa a Maradi da rami a cikin hamada, na zaɓar mishi rumfa. Sharaɗina ɗaya: ba ɗan lakwal da zai taɓa sanda kafin a tashi.

Teburin na hannu ne, daga Kano aka kawo shi da sanduna huɗu. Dala ashirin kowane wasa. Abin ya fara karɓuwa, sai sandunan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Guda ta karye a gardama, biyu suka lanƙwashe, ta huɗun kuma fatar bakinta ta fita. Samari suka koma wani tebur a bayan tasha. Ya zo gida da daddare ya ce, "Kawu, in ban samu sanda ba, sai dai in saida teburin in yi kuɗin mota."

Na ce mishi sanda ai sanda ce. A makarantar horon malamai an koya muna aikin hannu, na taɓa feƙe majanyin layi da kwamfa na katako, me zai gagare ni? Na sayi jan katako a kasuwa, na kai ma wani kafinta mai injin murza ƙafafun gado, wanda suke kira tur. Ya juya katakon a hannu, ya shinshina, ya ce, "Mushe, wannan da sauran ruwa a jikinsa." Na ce ya dai yi. Cikin yini ɗaya ya fidda sanduna uku masu sheƙi. Sati biyu da busawar hunturu, duk ukun suka zama baka, kibiya kawai suka rasa. Jika goma sha biyu ta tafi, a watan da albashi bai riga ya shigo ba.

Kunya ce ta sa na zauna na yi karatun abin, kamar mai shirya darasin da sufeto zai zo gani.

Sana'ar ƙera sandar biyar ta musamman, wadda ake yi ma mutum daidai hannunsa, a Amurka ta fi ƙarfi. Sandar takan kai santimita 147, nauyinta tsakanin giram 500 da 600, bakinta milimita 12 zuwa 13, gindinta kusan santimita 3. Gida biyu ce, ana ɗaure su a tsaka da ƙarfe mai zare. Rabin gaba, wanda yake zamewa a kan yatsu, da icen mapul ake yin shi, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada, saboda yana da tauri kuma jijiyarsa a miƙe take. Rabin baya shi ake yi ma ado da itatuwa masu nauyi irin su baƙin icen eboni, a naɗe wurin riƙo da zaren lilin ko fata, a ɓoye ƙarfe a gindi don daidaita nauyi. Ingila kuma, inda sinuka ta fi yawa, manyan maƙeranta irin John Parris na Landan da icen ash suke aiki, kuma da hannu suke feƙewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke yi da lokaci. Ba wanda yake fidda sanda a yini ɗaya. Ana busar da icen, a murza shi ya zama mulmulalle mai kauri, a rataye. Bayan makonni a sauko da shi a rage kaɗan, a sake ratayewa. Haka za a yi ta yi wata da watanni, wasu har shekaru. Dalili kuwa, ice yana da ɗaurin ciki; duk sanda aka cire mishi wani sashe, sauran sai ya motsa ya nemi sabon zama, kuma yana shan laima yana fidda ta gwargwadon iska. In ka rage kaɗan ka jira, lanƙwasar da ta fito za ka cinye ta a ragi na gaba. In ka kai shi siririn ƙarshe rana ɗaya, ya lanƙwashe ba ka da sauran abin ragewa. Wanda ya ƙi miƙewa bayan ragi biyu ko uku, jefar da shi suke yi. Mu malamai kullum bakinmu na kan cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban taɓa tunanin ɗanyen yana tanƙwara kansa ba tare da an sa shi ba.

Injinsu ma ba irin na kafintanmu ba ne. Da yawa da injin murza ƙarfe suke aiki, mai rami a kai wanda sanda take ratsawa, da wata jagora ta ƙarfe da wuƙar take bi don sirancewar ta tafi daidai, da matallafi a tsaka don kar siririn ice ya yi rawa. Amma sunan da aka fi girmamawa a sana'ar, George Balabushka, haifaffen Rasha da ya zauna New York ya rasu a 1975, a ɗan ƙaramin wurin aiki na gidansa ya yi sandunansa, yana da yatsa guda da inji ya cire mishi. Sunansa ya ƙara fita bayan fim ɗin The Color of Money na 1986. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali.

Na koma wurin kafinta, wannan karon da gaisuwa mai tsawo. Na zayyana mishi abin da na karanta. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ai shi na faɗa maka, Mushe." Matsalar ita ce ina za mu samu icen da ya gama motsinsa. Shi ya tuno da ƙotocin shebur na Turai, tsofaffi, da ke jibge wurin masu kayan gwangwan. Muka zaɓi biyu masu miƙaƙƙiyar jijiya don rabin gaba. Rabin baya kuwa, a ɗakin Inna na same shi. Taɓaryarta ta ƙirya, wadda ta tsage a kai ɗaya tun ina saurayi, tana jingine bayan randa. Da na roƙe ta, ta ce, "Ashe har ta kai ku daka ƙwallo?" Ta ba ni, da sharaɗin kar a yi caca da ita. Na isar da saƙon. Ban ce ina da tabbacin an kiyaye ba.

Daga Janairu zuwa Mayu, sau biyar muka ɗora su a tur. Ba mu da jagorar ƙarfe, sai na zana sirancewar a kwali da ma'aunin aji, kafinta yana gwadawa yana tallafe icen da tafin hannu. Tsakanin ragi da ragi, a rataye suke da igiya a ɗakin karatuna, nesa da bango da rana. Mai gyaran babur ya yanka muna zare a ƙarfen haɗi, ya kuma yi zoben tagulla na baki don kar icen ya tsage. Ramin haɗin ne ya fi ba mu wuya: in ya kauce ko da kaɗan, kowane rabi a miƙe yake amma sandar a karkace. Sai da muka toshe ɗaya muka sake hudawa.

Fatar baki wani baduku ya yi ta, da ƙirgin sa mai kauri da ya jiƙa ya danne a matsi kwana uku. Ana danganta wannan dabara ta sa fata a bakin sanda ga wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, a farkon ƙarni na 19, kuma ita ta ba ƴan wasa damar murɗa ƙwallo. Na kawo allin aji don a riƙa gogawa, samari suka yi ta dariya. Nasu mai shuɗi yana da ɓarɓashi mai kama fata.

Duk tsawon watannin nan, da sanda guda ta aro da tsohuwar da muka liƙa ma fata yaron ya riƙe rumfarsa. Sau biyu ya yi zancen tafiya.

Gwajin sanda ba wuya: a kwantar da ita a tebur a gangara ta, in bakinta yana ɗagawa yana sauka, ta lanƙwashe. A watan Mayu duka biyun sun gangara lafiya lau. Da damina ta sauka, guda ta ɗan yi ciki, ita ake ba baƙi. Ɗayar har yau a miƙe take, ta fi na kanti nauyi a gindi, kuma samari sun sa mata suna Taɓarya. Mai son wasa da ita sai ya ƙara dala biyar.