Karatun likita a waje: abin da na ji a Gwaram

Ana tsakiyar damina abokina ya ce in raka shi Gwaram mu yi wa yayansa barka da arziki, domin 'yar yayan da ke karatun likita a ƙasar waje ta zo hutu. Muka bar Kano da sassafe, muka ƙetare gadar Wudil, muka bi ta Kwanar Huguma. Kafin rana ta take, duwatsun Birnin Kudu sun bayyana, gero da dawa sun rufe gindinsu.

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a wannan gari. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye manya, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote, wanda daga nan ya wuce Jami'ar Azhar ta Alƙahira. Amma inda muka fi daɗewa shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya, inda muka tsaya duba wani maƙwabci. Ga 'yan jinya nan a inuwar bishiyoyi da tabarmi da kwanuka da butoci, wasu daga ƙauyukan Buji da Gwaram, wasu ma daga ƙasar Ningi ta jihar Bauchi. Duk wanda ya ga wannan jama'a ya san dalilin da ya sa Jigawa ke kashe dukiya wajen neman likitoci.

A 2016 gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta tura ɗalibai ƙasar Sin koyon likitanci, daga baya wasu suka tafi Sudan. Sharaɗin shi ne in sun gama su dawo su yi wa jiha aiki. Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, karatu ya tsaya cak. Bayan an kwaso su, gwamnatin Malam Umar Namadi ta nema wa da yawansu gurbi a Jami'ar Near East da ke arewacin tsibirin Saifurus. Yarinyar da za mu gani tana cikinsu.

Muka yi azahar, muka bi ta Babaldu, muka miƙi hanyar Gwaram. Fadamu sun cika, shinkafa ta yi kore shar, Fulani na kora shanu a gefen titi. Daga garuruwan wannan yanki, irin su Sara da Basirka da Fagam da Farin Dutse, mai naƙudar da ta gagari ungozoma sai an nemo mota a yi doguwar tafiya da ita, ko da tsakar dare ne.

A zaure maigidan ya tarbe mu da fura mai sanyi. Da aka gama gaisawa ya aika a kira ta. Ta shigo da sallama, ta durƙusa.

"Baffa, sannunku da hanya. Ya kuka baro su Umma?"

"Lafiya lau, likita," in ji abokina. "Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi, Baffa. Amma da saura kafin a ce likita."

Ta ba mu labarin fitarsu daga Khartum: motocin safa cikin hamada, ruwan sha a ƙididdige, da zaman jira a iyakar Masar kafin jirgi ya sauke su a Abuja. Mahaifinta ya ce a kwanakin nan rediyo ba ta bar kunnensa ba, ko a gona.

Maganarta a kan Saifurus ita ta fi tsaya mini. Ta yaba kayan aiki da ɗakunan gwaji da malamai. Sai dai marasa lafiya Turkanci suke ji, kuma yawancin cututtukansu na tsufa ne da zuciya da daji.

"Kawu," ta ce da ni, "zazzaɓin cizon sauro a littafi nake ganinsa a can. Haka tamowa, haka saran maciji. Jijjigar masu ciki kuwa sai da na zo hutu na gan ta da idona. Shi ya sa kullum da safe nake zuwa asibiti ina bin likita, ina kallon yadda yake tambayar tsohuwa da Hausa har ya gano abin da ke damunta."

Ba wanda ya tsara mata wannan. Ita ta roƙa. Ga shi kuma in ta gama, sai ta ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, wadda ake yi wa duk wanda ya yi karatu a waje, sannan ta yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ta yi hidimar ƙasa. Gani ya kori ji, kuma a wannan aiki rai ne a hannu.

A hanyar dawowa muka yi ta juya zancen. Jihar da ta iya biyan kuɗin makaranta da na jirgi za ta iya sa wa a yarjejeniyar cewa kowane dogon hutu ɗalibi zai yi shi a asibitin gida: Birnin Kudu, ko asibitin Rasheed Shekoni na Dutse, ko manyan asibitocin Haɗeja da Gumel da Kazaure, a ƙarƙashin likitan da zai sa masa ido, jami'arsa kuma ta lissafa masa aikin cikin karatu. Su ma ɗaliban can a gayyato su su zo su koyi cututtukan ƙasashen zafi a wurinmu, musaya ta zama ta gaske. Ina kira ga hukumar ba da tallafin karatu da Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa su zauna su tsara wannan tun kafin hutu mai zuwa.