Tsagar Da Ke Riƙe Ƙafa

Mai karatu, in ka kalli Hum Aapke Hain Koun na 1994, ka san ba wani mugu ne ya tarwatsa farin cikin gidan nan ba. Matattakalar bene ce. Pooja, yayar Madhuri Dixit a fim ɗin, ta zame ta gangaro, rai ya yi halinsa, labari ya juya. Mu kuwa a finafinanmu da littattafan soyayya, bene wajen yanga ne: jaruma ta sauko da takalmi mai tsini tana rangwaɗa, tayil na sheƙi kamar madubi. Ni dai duk sa'ad da na gani sai gabana ya faɗi, don a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutane kusan 684,000 a shekara.

Shi ya sa da za a yi wa Hajiyarmu matattakala, na dage sai katakon iroko mai tsaga-tsaga. Tsohuwa ce, kuma sau biyar a rana ƙafarta na jiƙe da ruwan alwala. Kafinta ya kai ni wurin masu injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ake kira CNC. Ana zana tsagar a kwamfuta, a ɗaure katako tamau a kan teburin injin, sai wani ɗan haƙorin ƙarfe mai juyawa kamar sau 18,000 a minti ya bi zanen. Duk takun benen su fito iri ɗaya sak, abin da hannu da kurfi ba sa iyawa.

To, a nan ake ruɗin mutum. Za a nuna maka zanen fulawa da dagi, kai har sunanka sai a rubuta. Wallahi ado ne kawai. Abin da ke riƙe ƙafa shi ne layuka uku ko huɗu miƙaƙƙu, kusa da bakin taku inda tafin ƙafa ke sauka, a kwance daga hagu zuwa dama yadda za su gitta wa mai tafiya. In suka bi tsayin ƙafa, sun zama hanyar sulɓi. Zurfin kuma kada ya wuce milimita 2 zuwa 3, ƙasan tsagar ya zama mai lanƙwasa kamar cikin cokali. Mai zurfi da kusurwa tana tara ƙurar hunturu, ruwa ya kwanta, ka koma gidan jiya.

Sai ka tsaya a kan mai fenti. In ya malala banish mai ƙyalli ya cike tsagar, kuɗinka sun tafi a banza. Ka ce ya shafa marar sheƙi, siriri, kuma a bar buroshi mai tauri a gindin benen don sharar ranar Juma'a.