Allura ta ce 80, mota na gudun 92

Yau wani abu ne da ya same mu a kan hanya muke son mu tattauna da ku, don mun san ba mu kaɗai ba ne.

Kwanakin baya mun tashi daga Maradi za mu Tasawa ɗaukar wani shiri. Motar ta wani abokin aiki ce, kuma direban dattijo ne da muke kira Baba, mutum mai natsuwa wanda bai son gudu. Bayan mun wuce Agye, sai ga amalanken jaki ta hau kan gudro, yaro ƙarami na riƙe da igiya. Baba ya taka birki, mota ta yi ta jan ƙasa, da ƙyar ta tsaya. Tsakaninmu da yaron bai kai taku biyu ba. Allah ya kiyaye.

Baba ya rantse 80 yake tahiya, kuma mu ma idonmu ya ga allura a kan 80. Da munka ci gaba, wani daga cikinmu ya buɗe GPS na salularsa. Allura na kan 80, salula na cewa 92. Munka ce: "Baba, kontar ɗin nan hwa ƙarya take yi maka." Ya yi shiru, can ya ce: "Ɗana, shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa zargin allura ba."

Washegari munka kai motar garaji, makaniki ya warware muna zancen. Ashe kontar ba ta ganin hanya. Juyi kawai take ƙirgawa, kuma an daidaita ta tun daga masana'anta da girman tayar da motar ta zo da ita. Wannan motar ta zo da taya 195/65 R15, wadda tsayinta ya kusa santimita 63 da rabi. Mai ita ya sa 205/70 R15, mai kusan santimita 67, don mota ta ɗan tashi sama saboda rairayi da ramuka. Duk juyi ɗaya, babbar taya na cin ƙasa hiye da ƙaramar. Bambancin ya kai kashi 5 cikin 100: allura ta ce 100, kai kana 105.

Sauran kuskuren daga bwat ya hito, wato akwatin giya. An canza shi da na okaziyon wanda aka cire daga wata mota daban. A cikin tsohin motoci akwai wani ɗan ƙarhe mai haƙora a jikin bwat, shi ke juya wayar da ke zuwa ga allura. In yawan haƙoransa bai dace da motar ba, lissahi ya rikice. A sababbin motoci na'ura ce ke aika saƙon, amma ita ma sai an gaya mata girman tayar gaskiya.

Wani zai ce, kilomita goma sha biyu miye? To tazarar da birki ke buƙata ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ta hi shi saurin ƙaruwa. Daga 80 zuwa 92, tazarar na ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin ukku. Wannan ƙarin shi ne ya kusa kai mu kan yaron nan. Ga kuma asara ta aljihu: kontar da ke rage gudu tana rage kilomita, sai juyen mai ya makara, inji na wahala ba ka sani ba.

Gwajin bai buƙatar ko dala. A kan hanya madaidaiciya, ka riƙe allura a kan 60, wanda ke kusa da kai ya duba agogo tsakanin duwatsun kilomita biyu na bakin gudro. In kontar lahiya lau take, sakan 60 ne. In ka isa cikin sakan 54 ko 55, gudunka ya wuce abin da kake gani. GPS ma na yi, amma kada direba ya riƙe salula da kansa.

Gyaran kuma: ko a koma ga lambar tayar da aka rubuta a jikin ƙohwar direba ko cikin littahin mota, ko makaniki ya canza ɗan ƙarhen nan, ko a daidaita na'urar da kwamfuta. Kahin a samu kuɗin, aƙalla ka san kuskurenka. Baba takarda ya liƙa kusa da sitiyari, ya rubuta 70 = 80.

Ƴan uwa direbobin tasha da masu gyaran taya, in kun canza wa mutum lamba, ku gaya mishi. Mu da muke zaune baya, da yaran da ke tsallaka hanya a ƙauyukanmu, duk wannan allurar muka dogara da ita bayan Allah. Allah ya kai kowa gida lahiya.